Tambayoyin Masu Karatu: Kunkuru Mai Fiffike da Ƴan Uwansa Masu Tsalle

Assalamu alaikum masu karatu. Daga ɗan shagona na gyaran salula da talabijin, kusa da kasuwar Dole a nan Damagaram, nake amsa saƙonninku kamar yadda muka saba. A wannan wata mutum biyar da ba su san juna ba suka taɓo abu guda: dodannin nan na wasannin tsalle-tsalle irin su Mario, waɗanda ba sa tafiya a ƙasa kamar kowa, sai dai su yi ta tuma suna dira. Sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya. Na rage tsawon wasu tambayoyin, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Daga wani ɗalibin CEG (ƙaramar sakandare), unguwar Sabon Gari, Zinder:

"Malam, ina wuni. Ina buga tsohon Super Mario a na'urar yayana. Duniya ta farko ba ta ba ni wuya, amma da na shiga 2-1, matakin farko na duniya ta biyu, sai wani koren kunkuru mai fiffike ya tare ni. In na yi tsalle in taka shi, sai ya tashi ya buge ni. In na tsaya, sai ya dira a kaina. Abokina ya ce na'urar tana karanta manet ɗina ne, wato abin dannawa da ke hannuna, da ta ga na danna sai ta sa shi ya tashi. Da gaske wasan yana cuta?"

Ƙanena, lafiya lau, sannu da ƙoƙari. Ka gaya wa abokinka kunkurun nan bai ma san kana wurin ba. Ba ya kallon manet, ba ya kallon Mario. Sunansa Paratroopa, kuma tun 1985 da kamfanin Nintendo ya fitar da Super Mario Bros. tsalle iri ɗaya yake yi: tsayi ɗaya, tazara ɗaya tsakanin dira da dira in ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, lokacin da yake yi a sama ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kai ne kake canzawa. Yau ka iso da gudu, gobe ka iso kana ɗari-ɗari, sai ka tarar da shi a wani wuri dabam na tsallensa, ka ɗauka shi ne ya sake shawara.

Na san zafin abin, domin ni ma a nan na daɗe. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a cikin Birni, akwai wani zaure da aka ajiye talabijin da na'ura irin ta kwaikwayon Famicom ɗin Nintendo, mai kaset rawaya da aka rubuta wasanni dubbai a jikinsa alhali ƴan kaɗan ne ke ta maimaituwa. Dala biyar ake biya, ka buga har rayukanka su ƙare, na bayanka ya karɓa. Duk kuɗin aiken da nake samu a zauren nan suke ƙarewa, kuma kusan kullum a gaban wannan koren kunkurun.

Ba a zauren na samu maganinsa ba, a tsakar gidanmu ne. Wata safiya innata da matar baffana suna lugude, taɓare biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka waccan ta tashi, har da tafi a tsakani. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana tsugune a gindin turmin tana sa hannu tana mayar da geron da ya hau baki. Hannu ya shiga, ya fita, taɓarya ta sauka daidai wurin da yatsunta suka bari. Ko kallon sama ba ta yi, hira ma take da maƙwabciya. Na ce, "Kaka, ba ki tsoron su murƙushe miki hannu?" Ta ce, "Ɗan nan, in ta buga ai ta tafi ke nan, sai ta dawo. Tsakanin tafiyarta da dawowarta nawa ne." Da yamma na koma zauren da dala biyar ɗina, na isa wurin kunkurun, na tsayar da Mario, na saurara da ido. Dira, tashi, dira, tashi. Ashe taɓarya ce. Ba banza ba ma Bahaushe yake cewa an daka tsalle.

To ga yadda za ka yi. Da ka hango shi ya shigo ta dama, ka saki maɓallin gudu. Ka bar shi ya dira sau biyu, idonka a ƙasa, ba a jikinsa ba. Inda ƙafarsa ta taɓa na farko da na biyu su ne za su nuna maka inda za ta taɓa na uku. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, wannan jifan kuwa an riga an auna shi. In Mario ɗinka ƙarami ne, ka tsaya tsakiyar wurin dira biyu, zai tsallake ka ya wuce abinsa. In babba ne, tsallen kunkurun ba shi da tsawo sosai, sai ka danna ƙasa ka durƙusa.

In kuwa taka shi kake so, ka san abin da wasan yake fara dubawa idan jikinku ya haɗu: Mario sauka yake ko hawa? In sauka yake, ka taka shi. In hawa kake kuka haɗu kafaɗa da kafaɗa, kai ne ka ji ciwo. Kuskurenka, yadda ka bayyana shi, shi ne kana jira sai ya matso sannan ka tashi, sai ku tashi tare. Ka riga shi tashi, ka nufi wurin da zai dira, ku haɗu kana gangarowa. Kuma kada ka saki jiki bayan taku na farko. Fiffikensa kawai ka cire, ya koma kunkurun ƙasa yana tafiya, yara da yawa a nan suke rasa rai suna murna. Taku na biyu ne ke shigar da shi cikin ƙoƙonsa. In ka shure ƙoƙon kuma akwai bututu a gaba, zai daki bututun ya dawo kanka da gudu, ka shirya masa. Idan kana da furen wuta, ka lura ƙwallon wutar ma tsalle yake a ƙasa, yana iya bi ta ƙarƙashin kunkurun in yana sama, don haka ka harba lokacin da yake saukowa.

Akwai inda maganar abokinka take da ɗan ƙamshin gaskiya. Kifayen da ke tasowa daga ƙarƙashin gada a 2-3, da masu jifa da guduma da za ka fara gamuwa da su a duniya ta uku, su na'urar tana jefa musu ƙuri'a a cikin lissafinta, shi ya sa ba a haddace su kamar kunkuru. Amma ko su ba manet ɗinka suke karantawa ba.

Daga wani tela, Magarya:

"Malam, da ƙuruciya ina gama wasan nan ba tare da na zubar da rayuka da yawa ba. Kwanan nan na sa shi a salula don in tuna baya, sai na ga kunkurun ya ƙara sauri, ba na iya taka shi. Tsufa ne ya zo?"

Ɗan uwana, mai zare allura kullum ba a ce idonsa da hannunsa sun mutu ba. Abu biyu ne suka haɗu. Tsofaffin wasannin nan da hoto suke ƙidaya lokaci, ba da agogo ba. Talabijin ɗin Japan da Amurka suna sabunta hoto sau 60 a sakan ɗaya, namu na nan da na Najeriya sau 50. Na'urorin kwaikwayo da aka ƙera don talabijin irin namu sukan tafiyar da wasan da aka rubuta don 60 a kan 50, sai komai ya ɗan lafa, har kiɗan. Salula kuwa a kan 60 take tafiyar da shi. Ke nan kunkurun da hannunka ya haddace ya ƙara sauri da kashi ɗaya cikin biyar. Idonka bai yi maka ƙarya ba.

Na biyu, gilashi ba maɓalli ba ne. A manet yatsa yana jin lokacin da ya danna, a gilashi sai ka gani a hoto sannan ka sani, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin taɓawa da tashin Mario. Ga dodon da ke tafiya a ƙasa wannan jinkirin ba komai ba ne, ga mai tsalle kuwa shi ne rai da mutuwa. Ka nemi manet, in da hali mai igiya da ake haɗawa da salula ta OTG, wato ɗan mahaɗin da ake sokawa a ramin caji, ya fi na Bluetooth saurin amsawa. Ka ba hannunka kwana biyu ya koyi sabon kiɗan.

Daga wani malamin firamare, Mirya:

"Na lura duk wasan tsalle da ɗalibaina ke bugawa sai an sa wani abu mai tuma a ciki. Masu haɗa wasannin ba su da wata dabara ce sai wannan?"

Malam, barka da aiki. Ni a ganina wannan ita ce dabarar, kuma talauci ne ya haife ta. Duk Super Mario Bros. na 1985, da duniyoyinsa takwas da kiɗansa da zane-zanensa, a cikin kilobait 40 aka cusa shi. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da salularka ya ninka wannan sau hamsin ko fiye. Na'urar Famicom, wadda ta fito a Japan a 1983, kilobait 2 kacal take da shi na ajiyar lissafin da take yi nan take. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka da abokan aikinsu tattali suka yi irin na uwar gida a ƙarshen rani: gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne aka sauya masa launi. Haka kunkurun. An ɗauki na ƙasa, an manna masa fiffike, an ƙara masa ƴan layukan lissafi, sai ga sabon dodo. Na ƙasa tambaya ɗaya yake yi wa mai wasa: yaushe za ka yi tsalle? Mai tuma ya mayar da ita biyu: ta sama za ka bi ko ta ƙasa, kuma yaushe? A wasan da makaminka tsalle ne, babu abin da ya kai a ba abokin gabanka irin makaminka.

Abin ya girmi 1985. A Donkey Kong na 1981, lokacin da Mario bai ma samu sunansa sosai ba ana ce masa Jumpman, akwai matakin da wasu sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe irin na katifa, ke fitowa suna tsalle a kan ƙarfen sama sannan su faɗa ƙasa, kuma ba ka hawa tsani na ƙarshe sai ka ƙidaya dirarsu. A Mario Bros. na 1983 akwai ƙudaje masu tuma waɗanda ba ka iya kifar da su ta hanyar dukan daɓen da suke kai sai daidai lokacin da ƙafarsu ta taɓa shi. Wannan ya fi burge ni, domin ya mayar da dirar dodon ta zama rauninsa. Duk wanda ya yi langa ya san haka: mai tsalle da ƙafa ɗaya yana da lokacin ƙarfi da lokacin rauni, gwani kuwa shi ne wanda ya san wanne ne wanne.

Sauran kamfanoni sun ɗauka kowa da halinsa. Capcom a Mega Man na 1987 sun sa wani ƙaton ƙarfe mai ido ɗaya, Big Eye, a kusa da ƙofar manyan dodanni. Wani sa'in ya yi gajeren tsalle, wani sa'in dogo, kai kuma kana jiran dogon ka ratsa ta ƙarƙashi, in ya taka ka ya kwashe kusan sulusin ƙarfinka. Konami a Castlevania na 1986 sun sa wasu ƴan ƙananan dodanni masu zabura kamar ƙuma, ga sauri ga ƙanƙanta, kuma duka ɗaya yana wurga ɗan wasanka baya, sau da yawa cikin rami. Waɗannan na ƙarshe ba na ba yaro su a farko. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba, kuma yaron da aka jefa rijiya sau goma bai gane laifinsa ba zai tsani wasan ne kawai.

Daga wata uwa, unguwar Garin Malam, Zinder:

"Ɗana ɗan shekara tara ne. Akwai wani abu mai tsalle a wasansa da ke kashe shi kullum, sai ya yi ta kuka yana jefar da manet. Babansa ya ce a ɓoye na'urar gaba ɗaya. Ni kuma ina tausayinsa. Me kake gani?"

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana shi. Hukuncin gida naki ne da babansa, kuma in wasan ya fara cin lokacin salla ko makarantar allo, babansa ya fi ni gaskiya. Amma kafin a ɓoye, ki gwada abu ɗaya da na yi da ɗiyar ƙanwata, wadda ita ma kuka take a wuri ɗaya.

Na karɓi manet ɗin na ajiye a cinyata. Na ce ba za ta buga ba, tafi kawai za ta yi duk lokacin da dodon ya dira. Da farko tafinta yana zuwa a makare, bayan dirar. Can sai ya daidaita. Can kuma sai na ga tana tafawa idonta a kan bango, ba ta ma kallon talabijin, kuma ba ta kuskure. Sai na miƙa mata manet. Ta wuce a gwaji na biyu, ta juyo ta dube ni ba ta ce komai ba, hannunta yana rawa.

Kukan ɗanki na wanda yake ganin ana zaluntarsa ne, bai ga dalilin faɗuwarsa ba. Da ya gane abin yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana kamuwa, fushin zai ragu da yawa. Ki kafa masa doka biyu: lokaci sananne, misali bayan la'asar zuwa kiran magariba, kuma in ya faɗi sau uku a wuri ɗaya ya ajiye manet ya sha ruwa ya yi tafin nan kafin ya sake. In ya jefar da manet, wasan ranar ya ƙare, ba faɗa ba duka. Ke da kika san lugude kin riga shi sanin sirrin, ki zauna kusa da shi sau ɗaya ki nuna masa.

Daga wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou, Zinder:

"Malam, ina koyon Scratch, manhajar koyon rubuta umarnin kwamfuta, ina haɗa ɗan wasa: wata yarinya ta ɗebo ruwa tana ratsa duwatsun Birni, kwaɗi suna tsalle suna tare mata hanya. Na rubuta cewa in kwaɗo ya taɓa ƙasa a ninka gudunsa da -1 don ya koma sama. Wani lokaci yana tashi lafiya, wani lokaci sai ya nutse rabi a ƙasa yana karkarwa, wani lokaci ma ya ɓace gaba ɗaya. Kuma ƙannena da suka gwada sun ce wasan mugu ne. Ina kuskuren?"

Ƙanwata, wasiƙarki ta faranta min rai ƙwarai. Na daɗe ina son in ga duwatsunmu a cikin wasa, ga shi ke kin fara.

Karkarwar daga -1 ɗin nan take. Kwamfuta ba ta tafiyar da kwaɗo a hankali kamar yadda ido ke gani, ɗauke shi take tana ajiyewa, a Scratch kusan sau 30 a sakan. In yana gangarowa da gudun 12, hoto ɗaya yana sama da ƙasa kaɗan, hoto na gaba ya riga ya shige cikinta. Sai dokarki ta juya gudun ya koma sama. Amma jan ƙasa ya ɗan rage shi, bai gama fita ba, a hoto na gaba har yanzu yana taɓa ƙasa, sai dokar ta sake juya shi ya koma ƙasa. Haka zai yi ta yi, sama, ƙasa, sama, ƙasa, shi ne karkarwar da kike gani. Ɓacewar kuwa, in kaurin ƙasar da kika zana 10 ne, shi kuma yana cin 12 a hoto ɗaya, yana iya tsallake ta gaba ɗaya ba tare da wani hoto ya kama shi yana taɓawa ba.

Ki bar ninkawa. Ƙwallon gaske ne ke dawowa da abin da ya faɗo da shi, shi ma ba duka ba, shi ya sa in kika saki balo a siminti kowane tashi ba ya kai wanda ya gabace shi tsawo har ya kwanta. Dodon wasa ba haka ake son sa ba. Ki buɗe ma'ajiyar lamba guda, ki kira ta gudun sama. A kowane hoto ki ƙara wa tsayin kwaɗon abin da ke cikinta, sannan ki rage ta da 1, wannan ɗayan shi ne jan ƙasa. Sai ki tambaya abu biyu tare: tsayinsa ya kai layin ƙasa ko ya wuce shi, kuma gudunsa na sauka ne? In eh, ki mayar da shi daidai kan layin, ki sa gudun sama ya zama 12 cif. Ki auna da lamba, kada ki dogara da taɓa launi. Da wannan karkarwa da ɓacewa duk sun tafi.

Yanzu ki ɗauko takarda, domin a nan amsar ƙannenki take. Da 12, kwaɗon zai hau 12, ya ƙara 11, ya ƙara 10, har zuwa 1, jimla 78. Hawa hoto 12, tsayawa a ƙoli hoto 1, sauka hoto 12, duka 25, wato ƙasa da sakan ɗaya kaɗan. In yana matsowa da 2 a kowane hoto, tsakanin dira da dira 50 ne, a filin Scratch mai faɗin 480. A ce tsayin yarinyarki 40, muna aunawa daga tafin ƙafar kwaɗon. A hoto na huɗu ya kai 42, ya wuce kanta, ba zai sake saukowa ƙasa da haka ba sai bayan hoto na 21. Ke nan cikin hoto 25, guda 18 ƙofar ƙasa a buɗe take. Abu mai tsalle a sama yake daɗewa, ƙasa taɓawa kawai yake ya tashi, kuma wannan ne mai tsoro ba ya gani. In yarinyar tana gudun 5 kwaɗon yana zuwa da 2, faɗin kowannensu 30, hoto 9 ya ishe ta ratsawa. An ba ta 18 tana buƙatar 9. Wannan adalci ne.

To ki rage tsallen zuwa 9 ki gani. Ƙolinsa 45, har yanzu ya fi tsayin yarinyar, ido zai ce akwai hanya. Amma hoto 6 kacal yake yi a sama da 40, ita kuma tana buƙatar 9. Ƙofa ce da ake gani a buɗe amma ba ta shiguwa. Ina kyautata zaton irin wannan ce ƙannenki suka kira mugunta, kuma ba su yi ƙarya ba. Ko dai kwaɗon ya tashi sosai a bi ta ƙasa, ko ya yi ɗan gajeren tsalle da kowa zai gane ta sama ake bi. Tsakiyar ce ba ta da kyau.

Sauran aikin na ido da kunne ne. Kada kwaɗo ya faɗo daga wajen allo kan yarinyar, a bar mai wasa ya ga dirarsa sau biyu kafin su haɗu. Ki sa ya ɗan takure na hoto uku ko huɗu kafin ya zabura, kamar yadda kwaɗon gaske ke yi a bakin tafki da damina, ki sa ƙara a kowace dira, ki zana ƴar inuwa a ƙarƙashinsa mai bin sa. Wurin da ake lissafa an taɓa shi ya ɗan fi zanensa ƙanƙanta, domin mai wasa yana yafe wa wasan da ya bar shi ya kuɓuta da ƙyar, ba ya yafe wa wanda ya kashe shi alhali yana ganin akwai sarari. Kwaɗo na farko ki ajiye shi shi kaɗai a fili, ba rami ba dutse. Na biyu kusa da rami. Sai can gaba ki haɗa biyu, ɗaya na tashi ɗaya na sauka, irin na lugude. Ƙuri'a kuwa, wato tsallen da ba a san tsayinsa ba, ki ajiye ta sai matakan ƙarshe, kuma ko a can takurewar kwaɗon ta nuna dogo zai yi ko gajere.

In kin gyara, ki ba ƙaramin cikin ƙannenki ba tare da kin yi masa bayani ba. Ki zauna bayansa da takarda, ki yi shiru, ki sa alama duk wurin da tulun yarinyar ya fashe. In alamomin suka taru a kwaɗo ɗaya, ki koma ki ƙidaya hotunansa kamar yadda muka yi. Ki aiko min da tsayin yarinyar da gudunta da tsallen kowane kwaɗo, mu duba su tare a fitowa ta gaba in sha Allah.